Zakaran Ɗori

Kafin ƙafata ta karye, tsoro a bakin mutane kawai nake jin labarinsa. Ina saurayi a ƙauyenmu na wajen Janfalan, a ƙasar Ikara, zamanin Turawa, lokacin da ake kai auduga fuloti, wato kasuwar awo, a kan jakuna. Da damina mu yi noma, da kaka in dawa ta shiga rumbu sai kokawa. Kuma ba yabon kai ba, na iya. Ni ba mai tsalle-tsalle ba ne a fage. Ƙarfina a tsayuwa yake: in na sa ƙafar hagu gaba na kafa ta, sai ka ja ka ja ka gaji, ka kawo kanka inda nake so.

Gado na yi. Mahaifina ɗan kokawa ne, ya rasu ina ƙarami, ya bar mini gona da ƙanensa wanda nake kira Baffa, ya kuma bar take. Duk ɗan kokawar da ya isa yana da takensa a ganga, wanda in aka buga kowa ya san da wa ake. Na mahaifina cewa yake: "Kututture, kututture, a kewaye ka a wuce." Bayan rasuwarsa makaɗin garinmu ya daina buga shi, sai ranar da na kayar da wani ƙato a Ikara, ban ankara ba na ji shi a bayana. Na juya na ga Baffa yana share ido da hannun riga. Daga ranar taken ya zama nawa, kuma in ina barci aka buga shi a nesa, sai na farka.

To, wata kaka mutanen Likoro suka gayyace mu. Muka tafi da kiɗa da fankama, ni a gaba. A can na haɗu da wani mutumin garin Taba, mai aikin dafa mazarƙwaila, gajere, kakkaura, shiru-shiru. Ba ya kirari, ba ya zagaya fage yana buga ƙirji. Na dube shi na raina. Muka riƙe juna, na kafa ƙafar hagu yadda na saba, shi kuwa ya harɗe ta da tasa ya faɗo mata da dukkan nauyinsa. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Irin ƙarar da rake yake yi in an karya shi a gwiwa. Na duba na ga ƙwaurina ya lanƙwashe a inda Allah bai yi masa gaɓa ba.

Malamin tashar jirgin ƙasa yana cikin 'yan kallo. Ya kutso yana cewa a sa ni a jirgi a kai ni asibitin Zariya. Baffa ya ce, "A kai shi a yanke? Malam, mun gode, ka riƙe jirginka." A lokacin haka muka ɗauka, cewa duk ƙafar da ta shiga hannun likitan Bature ba ta dawowa. Aka ɗauke ni a kan ƙyaure zuwa gidan wani tsoho maɗori a bayan gari.

Ba kowane maɗori ke yin abin da wannan tsoho ya yi ba, amma su a gidansu haka suka gada. Kafin ya taɓa ni sai ya ce a kawo zakara. Baffa ya fita ya samo wani ja, matashi, ko cara bai gama iyawa ba. Tsohon ya riƙe shi, ya yi bisimilla, ya karya masa ƙashin cinyar hagu ina kallo. Sannan aka danne ni, ya ja ƙafata ya daidaita, na yi ihun da har yau nake jin kunyarsa. Ya shafa man kaɗanya, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Ya juya ya yi wa zakaran haka, da 'yan tsinkaye.

"Samari, saurara," in ji shi. "Daga yau ƙafarka da tasa ɗaya ce. Ranar da ya taka daidai, ka warke. Kafin ranar kada a yanka shi, kada a sayar, kada a bari muzuru ya ɗauka. In ya mutu yana ɗingishi, yadda ya tafi haka za ka zauna."

Na yi makonni a zaurensa, ni a tabarma, zakara a kwando kusa da kaina. Da aka kwance mu, Baffa ya ɗora ni a jaki ya rataya kwandon a gefe muka koma gida.

Sai in faɗi yadda muke da Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Wannan kunya ce ta mutanen da, kowa ya sani, amma Inna ta kai ta inda ba a kaiwa. In tana son gaya mini wani abu, kajinta take gaya wa. Ta watsa musu tsaba ta ce, "Ga tuwo can a rufe, in akwai mai jin yunwa a gidan nan." Ranar da aka shigo da ni a kan jaki, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta dai dubi kwandon ta ce, "Kai kuma baƙo, sannu da hanya. Allah ya sa kaffara ne." Na ce amin a madadin zakara.

Ƙafa ta warke, wannan babu ja. Kafin ruwa ya sauka na ajiye sanda. Da damina na yi huɗa, na yi noman farko da maimai, na ɗauki taki a ka zuwa gona, babu inda ya yi mini ciwo. Sai ɗan tudu da ya fito a ƙwaurin inda aka ɗora. Amma zakara bai daina ɗingishi ba.

Ya girma, ya yi jar tukku, ya yi cara mai tashin unguwa, yana bin kajin Inna har da na maƙwabta. Amma in zai taka, sai ya ɗan dafa ƙafar hagu ya yi maza ya ɗauke. Kowace safiya kafin in wanke ido sai na tsuguna a bakin akurki in jira fitowarsa. Ya fito, ya miƙe wuya, ya taka: ɗingis. Shi ke nan ranar ta lalace mini. Na ba shi gero, na ba shi gara, na shafa masa man kaɗanya da hannuna. In na ga inuwar shaho sai in bar abin da nake yi in ruga. Da na ji an ce muzuru ya shiga gidan maƙwabta, na mai da shi ɗakina. Abokaina suka sa mini angon zakara, suna tambayata yaushe za a yi buɗar kai. Na yi dariya tare da su don dole, amma raina a ɓace yake.

Na roƙi Baffa mu koma wurin maɗori ya duba mu. Ya aika, aka dawo aka ce tsohon ya kama hanyar Makka da ƙafa, tafiyar da a wancan zamani shekaru ake yi, wani ma ba ya dawowa. Wanda ya ɗaura magana ya tafi, babu mai kwance ta.

Da aka fara yankan dawa, Baffa ya kira ni bayan gona inda ba kowa. Ya tuɓe riga, tsofai-tsofai da shi, ya ce in kama. Na kama. Ban san lokacin da na mai da ƙafar hagu baya na ɓoye ta ba. Ya ture ni da kafaɗa, na yi taga-taga na zauna a kan kunya. Tsohon da ba ya iya ɗaukar damin dawa shi kaɗai.

"Tashi," in ji shi. "Ina ƙafarka?"

"Baffa, ba ta gama haɗewa ba."

"Wa ya ce?"

"Ai ka ga zakaran."

"Na ga zakara. Na kuma ga wanda ya nome gonar nan shi kaɗai. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, na sani. Amma kai ka wuce gudu, ka gina wa tsumman ɗaki."

Ya faɗi haka, amma da na ce to ya rantse mini cewa maganar maɗori ba komai ba ce, sai ya kau da kai ya ɗauki rigarsa. Shi ma yana tsoronta.

Wasan farko na kakar nan a Ikara aka yi. Na je da bantena a ƙarƙashin riga, ina ce wa kaina in na ji ganga jikina zai tuna. Makaɗi ya zo gabana ya buga: kututture, kututture. Gashin jikina ya tashi kamar yadda ya saba, na dafa ƙasa zan miƙe, sai na ji ƙarar nan ta Likoro a cikin kunnena, sarai, kamar yanzu ake karyawa. Na fasa tashi. Makaɗi ya buga ya sake bugawa, fage ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido. Na sunkuyar da kai ina wasa da ƙasa har ya gaji ya wuce. Mako na zagayowa aka yi wani wasan a ƙauyen da ke kusa da mu, nan ma haka.

Bayan wannan makaɗin ya same ni a zaure. Dattijo ne, abokin mahaifina, ba ya son ɓata mini, amma bai yi kwana-kwana ba.

"Ɗana, take ba ya zama a ɗaki. Na buga maka sau biyu a gaban mutane ka bar ni da kunya. Ga wasan Makarfi yana zuwa, garuruwa za su taru, har mutanen Kudan. Zan buga. In ka zauna, wanda ya tashi daga cikin namu, nasa ne. Haka aka yi kafin ubanka, haka za a yi bayanka."

Na san wanda zai tashi. Akwai wani ɗan maƙwabcinmu da ya fara ƙarfi, yana ta zumuɗi, karen bana. Na tuna za a buga taken mahaifina a ƙofar gidansu ina ji daga ɗakina, sai na ji kamar in haɗiye zuciya. Kuma kamar wannan bai isa ba, wani mai sayar da mazarƙwaila ya kawo saƙo daga mutumin Taba: yana gaishe ni, ya ƙafa, zai zo Makarfi. Na ɗauki gaisuwar nan a matsayin zagi, na kwana biyu ina tafasa.

Sauran kwanakin na ƙare su a wurin zakaran. Har roƙonsa na yi, wallahi. Na ce, "Taka mana, don Allah, ko sau ɗaya." Ya dube ni da ido ɗaya ya wuce yana ɗingishinsa. Inna tana jin mu. Ta watsa tsaba ta ce masa, "Ci ka ƙoshi, gurgu. Ka samu bawa mai yi maka hidima, ina ruwanka da warkewa. Sabo turken wawa."

Ranar tafiya na yanke shawara zan bi 'yan garinmu, amma kallo kawai zan yi. Gara a karɓe taken ina wurin da a kawo mini labari. Na dawo daga masallaci da asuba na ɗan kishingiɗa, barci ya ɗauke ni, don daren ban samu na kirki ba. Da na farka rana ta fito, gidan yana ƙamshin miya. Na ji Inna tana ce wa kaji, "Mai tafiya ya ci abinci tukuna, hanya ba ta son yunwa."

Akushi ne a ƙofar ɗakina, tuwon dawa sabon tuƙi, da miyar kuka da nama a kai. Tuwo da nama da sassafe, ba salla ba, ba suna ba. Yunwa ta hana ni tunani. Na ci na ci, na ɗauki cinya na yage tsokar, sai harshena ya taɓa wani ƙulli a tsakiyar ƙashin. Na fito da shi na duba. Ƙashin ya kumbura a wuri ɗaya kamar gaɓar rake. Sai a lokacin na lura da shirun gidan. Tun da na farka ban ji cara ba.

Na leƙa ɗaki, kwando babu komai. Na dubi bayan murhu, ga jajayen gashi a cikin toka.

Ban taɓa jin irin wannan tsoro ba, ko a Likoro. Na dafe ƙwaurina da hannu biyu ina jira in ji ya saki. An yanka shi yana ɗingishi, kuma ni na cinye shi da bakina. Bayan tsoron sai fushi. Da wani ne ya yi mini haka, da sai an raba mu. Amma uwa ce, kuma uwar da ko sunana ba ta faɗi. Na tsaya a tsakar gida na ce wa iska, "An kashe ni. An gama da ni a gidan nan."

Inna tana wanke tukunya, ta ba ni baya. Ba ta juyo ba. Ta ce wa kajin da ke tsattsage a gabanta, "Ku ce wa mai haƙora ya fasa ƙashin nan ya sha ɓargo. In ya iya."

Don haushi na sa shi a baki na gartsa. Gefen sama ya farfashe nan take. Na juya na gartsa gefen ƙasa, shi ma ya ruguje. Na sa ƙullin a turamen haƙorana na danna da dukkan ƙarfina, irin dannawar da nake fasa ƙwallon goruba da ita ina yaro. Haƙorana suka yi tsami, hawaye ya cika mini ido, ƙullin ko tsagewa bai yi ba. Na fito da shi na juya shi a tafin hannu. Duk ƙashin ya tafi, inda aka ɗora kaɗai ya rage.

"Ƙafarsa ƙalau take tun tuni," in ji Inna, ga kaji. "Ya dai saba ne."

Baffa ya yi sallama daga zaure, ana jirana. Na jefa ƙullin a aljihu na fita, ban yi mata sallama ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan na zama namiji. Tafiyar Makarfi ita ce mafi muni a rayuwata. Wuni muka yi muna tafiya, ta cikin gonakin da aka girbe, daga baya muka shiga fadamun rake, ana ta kiɗa da waƙa, ni kuwa zuciyata biyu. Ɗaya ta ce ka gani da idonka, ka gwada da haƙoranka. Ɗaya ta ce maɗori ya ce yadda ya tafi haka za ka zauna, kuma tsohon bai taɓa yin ɗorin da ya kwance ba. In na taka dutse ƙafar ta ɗan motsa, sai in ce ga shi nan ta fara. In sa hannu a aljihu in matsa ƙullin, in ɗan samu numfashi, can kuma abin ya dawo. Baffa yana gefena, da muka hango rumfunan kasuwa ya ce, "Gurguwar ƙafa dai ta kawo ka Makarfi."

Muka kwana a masauki. Washegari bayan la'asar aka buɗe fage a bayan kasuwa. Mutane sun yi dafifi, wasu a kan bishiya, dogarai suna korar yara da bulala. Kowane gari ya zauna a gefensa da makaɗansa. Aka fara da ƙanana. Ni ina zaune a layin gaba, riga a jikina, na ɗauko ƙullin na sa a kunci kamar goro.

Sai ga mutumin Taba ya fito. Bai ƙara tsawo ba, bai rage kauri ba. Ya taka a hankali ya ratsa fage, bai dubi kowa ba, ya zo gaban layinmu ya tsuguna ya miƙo hannuwa biyu. Haka ake neman abokin karawa. Kuma saitina ya tsuguna.

Makaɗinmu ya gyara ratayar gangarsa. Ya dube ni sau ɗaya, irin kallon da ake yi wa mara lafiya, sannan ya buga. Kututture, kututture, a kewaye ka a wuce.

Ƙarar Likoro ta dawo kunnena. Ta wutsiyar ido na ga ɗan maƙwabcinmu ya cire hula, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, yana jira a kai ƙarshen bugu na uku. Makaɗi ya gama na farko. Ya shiga na biyu, a hankali, yana ja, ina jin yadda yake ba ni lokaci. Na tura ƙullin tsakanin haƙorana na danna, na danna har kaina ya sara. Bai fashe ba. Na tofar da shi a ƙasa na miƙe, na cire riga na jefa wa Baffa. Ihun da aka yi ban ji shi sosai ba, bugun zuciyata ya fi shi ƙara.

Muka shiga tsakiya, muka sunkuya, muka kama. Kuma ka san abin kunya? Ƙafar hagu tana baya. Na tashi, amma ban kawo ta ba. Ya ji haka nan da nan. Ya tura, na ja baya. Ya sake turawa, na sake ja, ƙafar dama ita kaɗai tana aikin biyu, cinyata tana rawa. Ya kai ni har bakin 'yan kallo, ina jin suna watsewa a bayana. Saura kaɗan in zauna kamar yadda na zauna a gaban Baffa a gona.

"Ina ƙafarka?" Muryar Baffa ce, ta fasa duk hayaniyar. "Kai! Ina ƙafarka?"

Ban yi wani tunani mai kyau ba. Abin da na ce a raina shi ne, in za ta karye ta karye yau in huta. Na jawo ta na kafa a gaba, a tsakanin ƙafafunsa, inda ya fi so.

Ya ɗan tsaya. Na ji numfashinsa a wuyana. Sannan ya yi abin da ya iya: ya harɗe ta da tasa ya sako nauyinsa duka, daidai kan tudun ɗorin. Na rufe ido ina jiran ƙarar.

Ba ta zo ba. Na ji zafi, na ji ƙashi yana gugar ƙashi, na ji ƙasa tana nutsewa a ƙarƙashin diddigena, amma ƙafar tana nan inda na sa ta. Ya ƙara dannawa. Tana nan. Sai na buɗe ido na ga halin da yake ciki: ya ba da ƙafarsa ɗaya ga harɗiya, ya ba da nauyinsa gare ni, a kan ƙafa ɗaya yake tsaye. Wani abu ya taso mini daga ciki, daɗi ne ko hauka ban sani ba, na ji ina dariya. Na zura hannu na kama ƙugunsa, na ɗaga shi a kan wannan ƙafar dai, na juya na shimfiɗa shi.

Kafin a ɗauke ni sama, ya tashi zaune yana haki, ya kamo ƙwaurina ya shafa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun bara ƙarar nan take hana ni barci." Ashe gaisuwar da ya aiko gaisuwa ce.

A hanyar komawa ne Baffa ya ba ni sauran labarin, da muka ɗan ja baya daga masu kiɗa. Ya ce ina masallaci Inna ta shiga ɗakina ta ɗauko zakaran ta ɓoye a madafa, da ta ga barci ya ɗauke ni ta kai masa har gida a cikin zane, ta ce ya yanka. Ya ƙi. Ya tuna mata maganar maɗori, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce ta fi shi riƙe maganar, kullum da ita take kwana. Ta ce amma ta zuba ido shekara guda, zakara yana ƙiba yaro yana ramewa, in aka bar su haka zakaran ne zai binne shi.

"Na ce mata, in ƙafar ta karye fa? Ta ce, a kaina." Muka ɗan taka, Baffa ya ci gaba. "Hannunta rawa yake yi da ta miƙo shi, sai da na riƙe fukafukan da kaina. Kada ka ɗauka ta san abin da ke cikin ƙashin nan. Ba ta sani ba. Sai da ta fige ta yanyanka ta taɓa da yatsa."

Na tuna yadda na fita ban yi mata sallama ba. Sauran hanyar ban iya shiga waƙar ba.

Da muka kusa gari makaɗi ya saki taken da ƙarfi don a ji. Yara suka taryo mu, mata suna guɗa ta kan danga. Na zame daga cikin taron na shiga gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da faifai a cinya, babu komai a cikin faifan. Tukunyar miyar nan tana gefen murhu a rufe, yadda na bar ta, ba a taɓa ba. Ta rame a kwana ukun nan, idanunta sun faɗa. Ta ji ganga sarai, amma ba fuskata ta duba ba, ƙafafuna take kallo tun daga bakin zaure har na iso gabanta.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ajiye faifan, ta miƙo hannu ta kamo ƙafata ta hagu ta jawo ta gabanta. Ta bi ƙwaurin da babban yatsa tun daga gwiwa, a hankali, har ta kai kan tudun. Ta danna. Ta sake dannawa da ƙarfi, ta riƙe shi a tafin hannunta. Hawaye ya ɗiga a kan ƙafata. Na rasa inda zan sa idona.

Sannan ta saki, ta goge fuska da bakin zane, ta juya wajen kajinta ta ce, "Ku matsa mana ku ba mutum wuri ya zauna, ya sha hanya."

Tun da aka yaye ni hannunta bai taɓa jikina ba sai ranar, bai kuma sake ba har ta koma ga Allah.